getgrgid ta dawo da NULL: rukunin ne babu, ko binciken ne ya lalace?

Ga wata manhaja da aka rubuta da harshen C, tana aiki lafiya lau a kan Linux. Amma da aka kunna ta cikin kwantenar Docker (keɓaɓɓen muhallin gudanar da manhaja) da --user 1001:1001, wato lambar mai amfani da ta rukuninsa, sai ta faɗi warwas: Segmentation fault, lambar fita 139.

Ga abin da ya kayar da ita. An kira getgrgid, mai nemo bayanin rukuni ta lambarsa, ba a tsaya duba abin da ta miƙo ba, aka zura hannu cikin gr_name, inda sunan rukunin yake. To, ai babu rukuni mai lamba 1001 a /etc/group na kwantenar, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin rukunoni. Buga getent group 1001, shiru kake ji. NULL aka miƙo mata, adireshin gidan da ba a gina ba.

Sa if a duba NULL, wannan ko ɗan koyo ya sani. Tuntuɓen yana gaba.

NULL ɗin nan fuska biyu gare shi. Ko dai rukunin ne babu shi, ko kuma binciken ne ya gaza, misali manhajar ta buɗe fayiloli har ta kai iyaka, wato EMFILE. errno, inda ake ajiye lambar kuskure, ita ce ke raba gardama. Sai dai ba a share ta da kanta. Idan wani fopen, wato kiran buɗe fayil, ya gaza can baya, lambarsa tana nan zaune, sai ka karanta ta ka ɗora wa getgrgid laifin da ba nata ba. Don haka rubuta errno = 0 dab da kiran, ba a saman fayil ba. Dab da shi. Idan NULL ta zo kuma errno tana sifili, rukunin ne kawai babu. Wasu tsare-tsaren kan sa ENOENT ko ESRCH a wannan yanayin, ka lissafa da su.

Masu getgrgid_r, 'yar'uwarta da ake ba ta bafa (wurin zuba bayanin), kada ku yi dariya tukuna. Ita takan dawo da 0 ko da ba ta sami komai ba, sai ka duba result, inda take ajiye sakamako: idan NULL ce, rukunin ne babu. Idan ta ce ERANGE, wato bafar ta yi kaɗan, ninka girman bafar ka sake kira.

Idan rukunin babu shi fa? Ni dai ban ga dalilin kashe manhaja a kan suna ba. Yi yadda ls -l, umarnin jera fayiloli, ke yi: buga lambar, 1001, ka wuce. Ga shi, mun sake kunnawa, ta tsaya da ƙafarta.