Wutar sola a ƙauye: wa zai sayi batir na biyu?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, iyayenmu mata, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga fitilun sola a tsaye bakin hanya, tsuntsaye sun yi sheƙa a kai, dare ya yi ba haske. Farantin da ke kama hasken rana lafiyarsa lau, mai kyau kan kai shekara 20 zuwa 25. Batir ne ya mutu, ba a tara ko sisi don sauya shi ba, kowa na jiran wanda ya kawo ya dawo. Dogaro da kai a harkar wuta ya tsaya ne kan tambaya guda: wa zai sayi batir na biyu?

Mu yi lissafi. Batir mai ruwa na 12V, 200Ah (lambobin ƙarfinsa da yawan wutar da yake ɗauka), yana riƙe wat 2,400 na awa ɗaya, amma rabi kawai aka yarda a sha. Wanda ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya jimawa. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5, awa biyar, wat 100 ke nan. Dutsen guga kuwa wat 1,000 yake ja, awa guda ya kusa cinye rabon yini. Shi ya sa dole kwamiti ya ƙayyade abin da kowane gida zai jona tun kafin a ja waya. Zafi ma maƙiyi ne: ɗakin kwano marar taga yana dafa batir a bazara. A ba shi inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa, a ƙara masa tataccen ruwan batir, kada a zuba na rijiya. Lokacin hazo a riƙa wanke faranti da sassafe, kafin ya ɗau zafi, da tsumma mai laushi.

A Tilonia ta ƙasar Indiya akwai makarantar Barefoot College, wadda Bunker Roy ya kafa a 1972. Matan karkara take ɗauka, da yawansu masu jikoki, marasa karatun boko, ta koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata shida. Dalili kuwa, saurayi in ya iya sana'a sai birni, uwa tana nan. Wannan dabara ta yi mini, don matsalarmu ke nan.

Saboda haka, ranar da aka kunna wuta, ranar a buɗe asusu. Kuɗin wata kada ya wuce abin da gida ke kashewa a cajin waya da batirin tocila. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, sa hannun mutum uku kafin a cire. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

Rijiyar burtsatse kuma, ku bar batir gaba ɗaya. Da rana famfo ya tura ruwa sama cikin tanki, tanki ya sauko da shi da dare.