F ɗin da ido ke gani da F ɗin da kunne ke ji

Akwai yarukan kwamfuta na rubuta kiɗa, kuma abin da ake rubutawa da su rubutu ne zalla, amma idan aka miƙa wa kwamfuta sai ta zana shi a kan layuka biyar ɗin nan da makaɗan Turai suka saba karantawa. Mai ƙirƙirar irin wannan yare dole ya tsara yadda za a rubuta sunan sauti da tsawonsa da wurin yin shiru, kuma waɗannan ba su da wuyar sha'ani. A LilyPond, ɗaya daga cikin waɗannan yaruka, wanda Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen suka fara a ƙasar Holan a 1996, c4 na nufin sautin C mai tsawon rubu'in cikakken sauti.

Ga inda ake yawan rikicewa. Idan an ɗora waƙa a kan sautin D, ana sa alamomi biyu a farkon layi, waɗanda ke sanar da cewa a wannan waƙa kowane F da kowane C za a ɗaga shi da rabin mataki. To, idan marubuci ya danna harafin F, wane sauti yake nufi?

ABC, tsarin da Chris Walshaw ya fito da shi a farkon shekarun 1990 domin rubuta waƙoƙin gargajiya, ya bi abin da ido ke gani, saboda haka da zarar an sa K:D a sama, wato alamar cewa an ɗora waƙar a kan D, F ya ɗagu da kansa. LilyPond kuwa abin da kunne ke ji yake nema, wato sai an rubuta fis, kamar yadda mutanen Holan ke kiran F ɗin da aka ɗaga, ko da an riga an bayyana D a sama. Wanda ya rubuta f kawai zai ga kwamfuta ta liƙa masa alamar soke ɗagawa, ya zauna yana ɗora wa manhaja laifin da yatsansa ya yi.

A ganina hanyar LilyPond ta fi dacewa da sabon yare, duk da tana gajiyar da yatsu, domin ko an yanko jimla an kai ta wata waƙa mai alamomi daban, fis yana nan fis. A ABC kuwa, wannan jimlar da aka ɗauko daga ƙarƙashin K:D aka ajiye a ƙarƙashin K:C, inda ba a ɗaga F ko C, ta sauya sauti ba tare da an taɓa harafi ko ɗaya ba.