Tsofaffin malaman firamare na Jos da taron da ake yi a jana'izarsu

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk wanda ya taɓa halartar jana'izar tsohon malamin firamare a Jos ya san irin taron da ake yi. Dattijo ya haura shekara 80, ya ajiye alli tun kafin a haifi rabin masu rakiyar gawarsa, amma layi ya cika maƙil, daga 'yan kasuwar Taminus har malaman jami'a. Yau za mu bi rayuwar irin wannan malami mu ga dalili.

Mu ɗauki wanda aka haifa a farkon shekarun 1940 a unguwa kamar Gangare, lokacin da haƙar kuza ke riƙe da garin. Bayan firamare sai kwalejin horon malamai, irin ta Toro da ke kan hanyar Bauchi, ya fito da takardar shaidar malanta ta Gired Tu. A wancan zamanin wannan takarda ta ishi mutum shiga ko'ina da girmansa.

Babban gwajinsa ya zo a watan Satumban 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Filato, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, aka koma gindin bishiya, aka raba yara 'yan safe da 'yan rana. An kuma ɗebo sababbin malamai da ɗan gajeren horo. Masu Gired Tu, maza da mata, su suka ɗauki nauyin duka: su koyar da yara, a tashi kuma su zauna da sabon malami su nuna masa yadda ake cike rajista da tsara darasi. Ku tuna fa, a sanyin Jos ake wannan, da hunturu, yaro na rawar ɗari hannunsa ya kasa riƙe fensir.

A ganina, rabin aikinsa a zaure ya yi shi. Shi ke karanta wa maƙwabta wasiƙa ya rubuta amsa, ya kuma riƙe sirrin abin da ya karanta. Da aka canza kuɗi ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sulen da aka sani kwabo 12 ya koma kwabo 10, wurinsa tsofaffi suka riƙa zuwa don kada a cuce su a kasuwa. In mata da miji sun saɓa, mai unguwa ya ce a kira Malam. Gidansa kuwa ba ya rabo da 'ya'yan riƙo, 'yan'uwa daga ƙauye su turo yaro "ya yi boko a wurin Malam", a ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yan cikinsa.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Jos. A ajinsa an haɗa Bahaushe da Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Bayarabe a benci ɗaya. Tun rikicin Satumban 2001 unguwanni da yawa suka rabu bisa addini, amma ranar ta'aziyyar Malam za ka ga Kirista da Musulmi sun tsallaka unguwar da suka daɗe ba su taka ba, don kawai su ce Allah ya jiƙansa.

To, me ya samu? Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, sun ba wasu damar sayen babur. Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, albashi ya riƙa makara, malamai da dama suka haɗa da noma ko ƙaramar sana'a. Ya cika shekara 35 yana aiki, ya yi ritaya a ƙarshen shekarun 1990, sai jiran giratuti da layin tantance 'yan fansho, ga tsufa ga ciwon ƙafa. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. Doka ce mai kyau, sai dai ta zo bayan su Malam sun fi shekara ashirin da barin aji, wasunsu kuma iyalansu ne ke bin sauran haƙƙoƙinsu a ofis har yanzu.