Launi da Alamar Hanya a Asibitocin Kaduna

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi yadda baƙo zai gane hanya a cikin asibiti.

Kullum Kaduna na karɓar marasa lafiya daga Birnin Gwari, Giwa, Kauru, har da jihohin maƙwabta. Wasu Barau Dikko suke nufa, wasu Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, wasu Cibiyar Ido ta Ƙasa. Da yawansu ba su taɓa shiga babban asibiti ba. Mutum ya yanki kati, a tura shi wajen ɗibar jini, daga can ɗakin hoto, sannan ya dawo karɓar magani. Ga mara lafiya a hannu, ga allo da Turancin likitoci. Haka mai jinya zai yi ta zagaye, nas kuma ta bar aikinta tana kwatance.

Launi na rage wannan wahala. A ba kowane babban sashe launinsa, a ja layin fenti daga ƙofar shiga har ƙofar ɗakin, ta yadda ma'aikaci zai ce, "Baba, ku bi shuɗin layi," magana ta ƙare. Amma kada launukan su wuce huɗu ko biyar, don in sun yi yawa ruɗani za su ƙara. Ja a bar wa sashen gaggawa, kore kuwa duniya ta san shi da ƙofar fita.

Sai dai launi kaɗai bai wadatar ba. Akwai masu larurar kasa bambance ja da kore, galibinsu maza, kuma wasu ma ba su san suna da ita ba. Dole kowane launi ya zo da zane: uwa da jariri a ɗakin haihuwa, ƙwayar magani a wurin karɓar magani. Rubutu ya zama baƙi, manya-manya, a kan farin allo, domin tsofaffi da masu yanar ido. Rana da ƙurar hunturu na kashe fenti, don haka a sa kuɗin sabuntawa cikin kasafi.

Ina kuma roƙon a sa Hausa, da boko da ajami, kusa da Turancin. Ajamin nan yana jikin takardar naira 1,000, kuma dattawa da dama shi suke karantawa.

Kafin hukumar asibiti ta biya ɗan kwangila, ta samo mutanen da ba su san ginin ba, ta ce su nemo ɗakin gwajin jini ba tare da tambaya ba. Duk kwanar da suka tsaya suna waige-waige, nan ne za a ƙara allo.