Darasi: Daga PubMed Zuwa Zotero, Yadda Masu Binciken Lafiya Za Su Tara Takardu Su Yi Aiki Tare

Dakta: Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasin yau na waɗanda ke shirin rubuta bincike ne, su biyu ko su biyar, kowa da kwamfutarsa. Muna tare da Malama daga sashen ɗakin karatu. Malama, sannu da zuwa. Daga ina ake farawa?

Malama: Yauwa Dakta, sannunmu. Daga takarda da biro ake farawa, kafin a taɓa kwamfuta. A rubuta tambayar, a yanka ta gida-gida. Mu ɗauki misali: maganin hydroxyurea ga yara masu cutar sikila. Gida uku ke nan: cutar, maganin, yaran. Kowane gida shi kaɗai za a nema, sai daga baya a haɗa.

To, ga PubMed na buɗe, shafin neman takardun binciken lafiya. Na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ne, tun 1996 yake, kyauta ne, kuma takardun da ke cikin rajistarsa sun haura miliyan 35. Kada ku tsaya a akwatin farko. Ku sauka ƙasa ku shiga MeSH. Wannan shi ne kundin sunayen da suke liƙa wa kowace takarda bisa abin da ta ƙunsa. Na rubuta sickle cell, kun ga sunan da ya fito: Anemia, Sickle Cell. Duk takardar da aka liƙa wa wannan suna za ta zo, ko marubucin ya rubuta anemia irin na Amurkawa, ko anaemia irin na Turawan Ingila.

Dakta: Ke nan MeSH ya wadatar, Malama?

Malama: Ina! Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Akwai takardun da ke PubMed amma ba a liƙa musu MeSH ba, wasu don sababbi ne, wasu kuma mujallarsu ba ta cikin MEDLINE, wato jerin zaɓaɓɓun mujallun da ake liƙa wa MeSH, don haka ba za a taɓa liƙa musu ba. Shi ya sa ake tafiya da ƙafa biyu. Bayan sunan MeSH, sai a sa OR, wato "ko", da manyan baƙaƙe, a rubuta sickle cell, a bi shi da tiab a cikin baka mai kusurwa. Ma'anarsa a duba kan magana da taƙaitaccen bayani. Layi na ɗaya ya kammala.

Layi na biyu, maganin. Sunansa biyu ne: hydroxyurea, kuma a Ingila hydroxycarbamide suke cewa. Wanda ya manta na biyun ya bar takardu a baya, kuma babu abin da zai nuna masa ya bari. Layi na uku, yara: child da alamar tauraro a ƙarshe, zai kamo children da childhood, a ƙara pediatric, a ƙara paediatric, a ƙara adolescent.

Yanzu na danna Advanced. Ga layukan nan a jere da lambobinsu. Sai in ce na ɗaya AND na biyu AND na uku, wato takardar da ta haɗa duka ukun. Idan kuma a layi guda za ku zuba komai, ku killace kowane gida a cikin baka, domin PubMed daga hagu zuwa dama yake karantawa, bai san nufinku ba. OR ɗaya da ya fita daga bakarsa zai iya mayar da takarda ɗari uku ta zama dubu goma.

Dakta: Yaya mutum zai san tarun nasa ba shi da huji?

Malama: A gwada shi da kifin da aka sani. A zaɓi takardu huɗu ko biyar da dole su fito. A wannan misalin, akwai gwaje-gwajen da aka yi a Kano kan hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Idan ba su fito ba, laifin layukanka ne. Buɗe takardar, ka ga kalmomin da suka yi amfani da su, ka ƙara. Sannan a yi hattara da matatun da ke gefen hagu. Matatar shekaru da MeSH take aiki, za ta zubar da duk takardar da ba a liƙa wa suna ba. Ita kuwa Free full text, ni dai ba na ba mai nazarin takardu na tsanaki shawarar ya taɓa ta, don tana zaɓar maka hujja ne bisa wadda take kyauta.

Abu guda kafin a rufe shafin. Tarihin neman nan yana gogewa bayan awa takwas idan ba a taɓa shi ba. Ku sauke shi, ku rubuta kwanan wata da adadin da kowane layi ya kawo, ku ajiye inda duk ayarin ke gani. Mujalla za ta tambaya.

Dakta: Takardun da suka ce sai an biya fa?

Malama: A fara duba PubMed Central, rumbun da ke ɗauke da cikakkun takardu kyauta. In babu, a sa Unpaywall a burawuza, yana nuna alamar koren kwaɗon kulle idan akwai halastaccen kwafi na kyauta. Sai kuma Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life. Makaranta ko asibiti ne ke rajista, sai a je ɗakin karatu a tambaya. Kada kuma a manta da AJOL, shafin da ke tara mujallun Afirka, don mujallun Afirka da dama ba su cikin PubMed.

Mu koma Zotero, manhajar tara takardu da ambaton su a rubutu, inda aikin tare yake. Mutum ɗaya ya buɗe rukuni a shafinsu, ya mai da shi na sirri, ya gayyaci sauran ta imel. A PubMed a danna Send to, a zaɓi Citation manager, fayil zai sauko, a shigar da shi cikin rukunin. Ba ya wuce takarda dubu goma a lokaci guda. In takarda ɗaya ce, akwai wata 'yar sanda a sama, a danna a zuba lambar shaidar takardar, wato DOI ko PMID, bayanan su cika da kansu.

Dakta: Ana yawan kukan cewa ya daina haɗa fayiloli tsakanin kwamfutoci.

Malama: Wurin ajiya ne ya cika. Megabait 300 ne na kyauta, kuma duk PDF ɗin da aka jefa a rukuni, a kason wanda ya buɗe rukunin ake cirewa. Sunayen takardu da bayanansu ba sa cin komai. Don haka ko dai a kashe ajiyar fayiloli a rukunin, kowa ya riƙe nasa PDF, ko a yi karo-karo a biya wa mai rukunin shi kaɗai. Matsala ta biyu, maimaici. Ku shiga Duplicate Items ku haɗe su. Haɗewa fa na ce, kada a goge, don idan aka goge wadda wani ya riga ya ambata a Word, igiyar ta tsinke. Idan kuma kuka ga jan gargaɗi a kan takarda, janye ta aka yi daga mujalla, Zotero na karɓar wannan labari daga Retraction Watch, masu bibiyar takardun da aka janye.

Dakta: Tantancewa kuma, wace ta shiga, wace ta fita?

Malama: A fitar da su daga Zotero a tsarin fayil na RIS, a ɗora a Rayyan, shafin tantance takardu. Mutum biyu su tantance, a bar Blind a kunne yadda ƙarami ba zai ga hukuncin ogansa ya bi ba. Sai kowa ya gama a kashe shi, a zauna kan inda aka saɓa. Amma tun kafin a kai nan, a leƙa PROSPERO, kundin rajistar irin wannan nazari na Jami'ar York, a ga ko wasu sun riga sun yi rajistar wannan tambayar.

Dakta: Malama, mun gode ƙwarai. Darasi na gaba kan REDCap ne, manhajar tattara bayanan bincike, da yadda ake ɓoye sunayen marasa lafiya kafin a fitar da bayanai. Masu kallo, a zo da layukan nan uku a rubuce. Sai mun haɗu.