Tafkin Oku: Me Ya Sa Ba a Zuba Masa Kifi?

Wannan ruwa da kuke gani shi ne Tafkin Oku, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru. Yana kwance cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, sama da mita 2,200 daga matakin teku, kuma dajin Kilum-Ijim mai kariya ne ya kewaye shi. Itatuwan da gansakuka ya lulluɓe, da itacen Prunus africana da ake ɓare ɓawonsa don maganin matsalar fitsarin dattawa, da wancan tsuntsu mai jan tukku, turakon Bannerman, wanda sarakunan yankin ke karrama mutum da jan gashinsa, duk sun cancanci bayani, amma ba su ne suka kawo mu ba.

Tambayar da masu kallo suka fi yi ita ce: tun da babu kifi a tafkin, me ya hana a zuba karfasa ko tarwaɗa, jama'a su amfana?

A ganina, kuskuren yana cikin kalmar "babu". Ku matso kusa da bakin ruwan. Wannan ɗan kwaɗo mai dogayen yatsun ƙafa, wanda tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, shi ne Xenopus longipes, kuma masana ba su bayyana shi ba sai a 1991. Ba ya fita tudu, a ruwa yake yin ƙwai, a ruwa yake girma, kuma a duk faɗin duniya ba a san wani wuri da yake rayuwa a daji ba sai wannan tafki guda ɗaya. Da yake ya samu asali a ruwan da kifi bai taɓa zama ba, shi ke riƙe da matsayin da kifi kan riƙe a wasu tafkuna, kuma bai saba da gudun maharbi irin wannan ba. Ranar da aka saki tarwaɗa, ƙwansa da 'ya'yansa talibambam su ne abincin farko, sannan ba shi da wani tafki na biyu da zai koma. Kifin da ya shiga ruwa mai zurfi irin wannan kuwa, fitar da shi gaba ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba.

Ko a yanzu ma ba lafiya yake ba, domin tun 2006 ake ganin mace-macen waɗannan kwaɗi da yawa a gaɓar tafkin, kuma IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sanya su cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ga ɗaya nan ya leƙo ya shaƙi iska, ya sake nitsewa cikin ciyayin ƙasan ruwa.