Dogon Bututu Ba Ya Wanke Hayaƙi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan taɓa game da hayaƙin tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal da mai da gas: toka, farar wuta, sai iskar da ke ɗumama duniya.

Toka ba za ta ci mana lokaci ba. Tun 1907 wani Ba'amurke, Frederick Cottrell, ya ƙera na'urar da ke sa wa ƙurar cajin lantarki, ta manne a jikin farantan ƙarfe, a kakkaɓe a kwashe. Mai kyau tana kama sama da kashi 99 cikin ɗari, masu siminti ma sayen tokar suke yi.

To, farar wuta. Nan nake so ku gyara zama. Kwal yana ɗauke da ita a jikinsa, in an ƙona shi sai ta fito a iska mai shaƙe maƙogwaro, mai tayar da asma. A Disambar 1952 hazo da hayaƙin kwal suka rufe Landan kwana biyar, daga murhun gidaje da tashoshin wuta na cikin gari. Ƙidayar farko mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai wajen 12,000. A 1956 suka yi dokar tsabtace iska. Su kuma tashoshi, wace dabara aka yi musu? Aka ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Tsawo kawai, jama'a! Kamar ka share tsakar gidanka ka watsa sharar ta katangar maƙwabci. Iska ta kwashi abin ta haye teku, ya sauko cikin ruwan sama a Norway da Suwidin, kifaye suka ƙare a tafkuna da yawa. Sai da ta kai ga yarjejeniyar ƙasashe kan gurɓatar iska a Janeba a 1979.

Maganin gaskiya wanka ne. Eh, Hajiya, dariya kike yi, wanka ake yi wa hayaƙin. A niƙa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina da Malbaza don siminti, a dama da ruwa, a riƙa fesa shi cikin wata doguwar hasumiya, hayaƙi na hawa, ruwan na sauka. Farar ƙasa ta kama farar wuta, fiye da kashi 90 cikin ɗari. Me ke taruwa a ƙasa? Jifsam, wanda ake yin allunan silin da shi. Guba ta koma silin! Ni dai wannan bai taɓa daina burge ni ba. Guba ta koma silin.

Amma na'urar tana shan ruwa, tana cin kuɗi, tana cin wani ɓangare na wutar da tashar ta samar. Shi ya sa in wuya ta yi wuya ita ake fara sadaukarwa. Tashar Kusile ta kamfanin Eskom a Afirka ta Kudu an gina ta da wannan na'ura. A Oktobar 2022 wata hanyar hayaƙi ta rushe, ƙasar kuma tana fama da ɗaukewar wuta, sai gwamnati ta ba da izinin bututu na wucin gadi, hayaƙi ya riƙa fita ba wanka. Don haka in an ce muku an saka na'ura, ku tambaya: tana aiki? Wa ke aunawa? Ko a Anou Araren, kusa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal, tambayar kenan.

Akwai kuma wata gurɓatacciyar iska mai ɗauke da naitirojin, ana fesa mata amoniya ko yuriya, eh, ta taki. Na uku, iskar kabon mai ɗumama duniya, wankan nan ba ya taɓa ta. Gas, irin wanda ake ƙonawa a Egbin ta Legas, yana fitar da kusan rabin na kwal. Birtaniya kuwa rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe ta yi a Satumbar 2024.

Na'am, ɗan'uwa? A miƙa masa lasifika.

"Malam, mu da ba ma ganin wutar, ina ruwanmu da hayaƙinta?"

Allah Ya yi maka albarka, ka fi ni gaskiya. Ai tasharka tana ƙofar shagonka, janareta. Ba ta da bututu, ba ta da wanka, salansarta daidai hancin yaro mai wucewa. Kuma akwai wata iska a hayaƙinta wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe iyali cikin barci. Kada a kunna janareta a zaure ko a ɗaki don tsoron ɓarawo, a kai shi fili, nesa da taga. 'Yan kasuwa kuma, layi guda ya haɗa kuɗi a sa sola, ya fi kowane shago da nasa injin. An kira salla, ko? To, sauran tambayoyin sai mun dawo.